Ashe 'Tom-Yum-Goong' ba sunan giwa ba ne!

DUK wanda ya yi zaman benci a gidan kallo tsakanin 2004 zuwa 2007 ya san Tony Jaa, ko da kuwa bai san sunansa ba. "Ombak" yara ke ce masa, saboda fim ɗinsa na 2003, Ong-Bak, inda ya baro ƙauyensu ya shiga birnin Bankok neman kan gunkin garinsu da aka sace. Ba igiya, ba dabarar kwamfuta, daga gwiwar ƙafa sai gwiwar hannu. A 2005 darakta Prachya Pinkaew ya sake fito da shi a Tom-Yum-Goong. Wannan karon giwayensa biyu aka sace, uba da ɗa, ya bi sawunsu har Sidni ta ƙasar Ostireliya.

Cikin yaran da suka kalli wannan fim a wani gidan kallo a garin Rano a 2006 akwai wani ɗan sakandare, ɗan Zurgu, wanda kan ari keken yayansa ya shigo gari musamman don kallo. A lokacin fassarar finafinan waje zuwa Hausa ba ta kankama ba, kowa da irin fassarar da yake yi a ransa. Ana fitowa musu ya kaure tsakaninsa da abokinsa, wani ɗan Kibiya da suke aji ɗaya. Ɗan Zurgu ya ce Tom-Yum-Goong sunan ƙaramar giwar ne. Ɗan Kibiya ya ce ina, sunan bos ne. Har da rantse-rantse. Sai da aka shekara takwas kafin a raba wannan gardama, kuma a gaban tukunya aka raba ta.

Ƙullin Inna

A ƙarshen 2013 Allah ya nufi ɗan Zurgu da samun gurbin ƙaro karatu a fannin aikin gona a ƙasar Maleshiya, a garin Serdang da ke kusa da Kuala Lumpur. Ana gobe zai tashi Inna ta kira shi ɗaki, ta jawo jakar bakko daga ƙarƙashin gado. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, sai wani gwangwanin madara da aka naɗe bakinsa da leda aka ɗaure da tsumma. Daddawa ce a ciki.

Ba ta kasuwa ba ce. Kalwar daga ɗorawar gonar Baba ta fito. Inna ce ta kwana tana iza mata wuta, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe ta kwana uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya a kan rufin ɗaki tana korar kaji.

"Ungo," in ji ta. "Duk inda ka je, in dai da wuta da tukunya, ba za ka kwana da yunwa ba."

"Na gode, Inna. Allah ya ƙara girma."

A Serdang ya kama haya a wani dogon bene, su huɗu a gida ɗaya, kowa da ƙasarsa, kicin ɗaya. Satinsa na farko kewar gida ta taso masa. Ya samo garin shinkafa ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kuka, ya daka daddawa biyu ya zuba. Miya na tafasa sai ga ɗaya daga cikin abokan zaman nasa ya fito ɗaki riƙe da hanci. Ya buɗe tagogi, ya ɗauko turaren feshi ya bi kicin da shi, sannan ya tambaya da Turanci ko ɓera ne ya mutu a bayan firji. Sauran suka fashe da dariya.

Shi ma ɗan Zurgu dariyar ya yi. Da suka tambaye shi mene ne wannan abu, sai ya ji bakinsa yana cewa shi ma bai san shi sosai ba, wai wani ne ya ba shi a filin jirgi. A daren ya tuttular da miyar, ya sauka da gwangwanin ƙasa ya jefa a kwandon shara.

Wata uku ya yi yana rayuwa a kan burodi da shayi da taliyar leda. Duk ranar Juma'a yakan kira gida, kuma tambayar ba ta canzawa.

"Daddawar ba ta ƙare ba ko?"

"Da saura, Inna."

Shagon ƙarshen layi

Shi ma ɗan Kibiya ashe rabonsa na Maleshiya, har ya riga shi zuwa da shekara guda. Wata Asabar a farkon 2014 ya kawo masa ziyara. Yana ganinsa ya ja da baya.

"Kai mutumina! Wannan rama fa? Karatu ne ko soyayya?"

"Bari kawai, malam. Abincinsu ne ya ƙi karɓa ta."

"Ka ma ci abincin nasu? Tashi mu je."

Ba su yi nisa ba. A ƙarshen layin da yake bi kullum zuwa tashar mota akwai wata rumfar kwano da ba ta buɗewa sai bayan la'asar, ba ta rufewa sai dare ya raba. Kujerun roba, teburan da aka shimfiɗa wa leda, talabijin a bango ana ƙwallo, direbobin tasi da ma'aikata da ɗalibai sun cika wurin. Daga ciki wuta na tashi a ƙarƙashin wani kasko mai zurfi, ludayi na ƙara, hayaƙin barkono na sa mutum tari tun daga bakin titi. Ɗan Kibiya ya nuna masa allon da ke saman rumfar.

"Karanta."

"Tom... yam."

"To ga giwarka nan. A tukunya ake dafa ta."

Mai karatu, ga yadda abin yake. A harshen mutanen Tailan, "tom" tafasawa ce, "yam" haɗin abu mai tsami da yaji, "kung" kuwa, wanda aka rubuta "goong" a jikin kaset, jatan lande ke nan. Wato romon jatan lande mai tsami da yaji. A cikin fim ɗin ma sunan gidan abincin miyagun nan ne na Sidni, wanda Tony Jaa ya bi matattakalarsa yana watso mutane ƙasa, kyamara na biye da shi kusan minti huɗu ba a yanke ba. Duk ihun da yaran Rano suka yi a kan benci, sunan miya suke kira! Ɗan Kibiya ya ce shi ma ya faɗi, amma dai gara nasa, tunda bos ɗin yana da alaƙa da gidan abincin.

Ɗan Zurgu ya tsaya a bakin rumfa ya ƙi shiga. Abin da ya sani daga finafinai shi ne mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, kuma suna cin alade. Yana cikin wannan tunani sai wata dattijuwa sanye da hijabi ta ɗago daga wajen kasko ta yi musu sallama cikakkiya. Ɗan Kibiya ya amsa, ya ce, "Makcik, na kawo miki baƙo." Makcik a harshen Malay kamar a ce goggo ne ko inna, mijinta kuma Pakcik.

'Yan Pattani ne. A can ƙarshen kudancin Tailan akwai larduna uku, Pattani da Yala da Narathiwat, inda mafi yawan mutane Musulmi ne masu magana da wani karin harshen Malay. Yarjejeniyar 1909 tsakanin Ingila da masarautar Siyam, tsohon sunan Tailan, ita ta shata iyakar da ta bar su a wancan ɓangaren, 'yan'uwansu a wannan. Shekaru da dama ke nan suna tsallakowa Maleshiya cirani, kuma sana'ar da aka san su da ita ita ce rumfar tomyam, kamar yadda aka san Bahaushe da tukubar tsire a Legas ko Accra. Makcik ta ce su bayan rikicin da ya ɓarke a yankinsu a 2004 suka taso, da 'ya'ya uku da kasko ɗaya.

Kwanon farko

Da aka dire masa kwanon, abin da ya fara gani ya kusa tayar da shi: laimar kwaɗi na yawo a cikin romo, abin da a Zurgu ko akuya ba a bari ta kusanta. Ɗan Kibiya ya ce wannan nomanta ake yi, ya yi bisimilla kawai.

Cokalin farko tsami ne ya fara dukansa, na lemun tsami da aka matsa bayan an sauke tukunya. Kafin ya gama da tsamin, yaji ya biyo baya, na wani ƙaramin barkono mai kama da tsidugu. Sai gishiri-gishiri na ruwan kifin da aka tsima, sai ƙamshin ciyawar nan mai kamar lemo da wasu ke sa wa a shayi, da ganyen wani irin lemo, da wata saiwa 'yar'uwar citta. Ya ɗauki ciyawar ya hau tauna. Makcik ta hango shi ta ɗaga ludayi tana dariya: ba a ci, don ƙamshi aka sa. Zufa ta karyo masa, hanci ya buɗe, hawaye na zuba, amma cokali bai tsaya ba. Rabonsa da ya ji abinci ya ratsa shi haka tun tuwon sallama a Zurgu.

Daga ranar ya zama ɗan gida. Ya ci pad thai, taliyar shinkafa da ake soyawa da ƙwai da ruwan tsamiya, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a kai. Ya ci som tam, ɗanyen gwanda da ake yankawa siri-siri a daka a ƙaramin turmi da barkono da tafarnuwa da tumatir da gyaɗa, a matsa lemun tsami. Ya ce da ɗan Kibiya, "Wannan ai kwaɗo ne, ƙuli-ƙuli kawai ya rasa." Tsamiya, gyaɗa, barkono, turmi: duk abin da ya baro a tsakar gida ya tarar da shi a nan, an canza masa tufafi.

Shinkafar ce ta fi ba shi mamaki. Shi da ya tashi a yankin da ake noman shinkafa da ruwan dam ɗin Tiga, ya san yadda ake raina 'yar gida a gidan biki, ana cewa sai 'yar Tailan, mai santsi, marar tsakuwa. Ya zaci a nan zai ci ta har ya gaji. Ina! Wadda Makcik ke dafawa fara ce sol, mai laushi da ƙamshi, sunanta hom mali. Da ya kwatanta wa Pakcik irin wadda ake kaiwa Nijeriya, mai ruwan ɗorawa, wadda aka turara kafin a casa, sai dattijon ya ce ya san ta a buhu, amma bai taɓa ganin ta a tukunyar gidansu ba. Don kasuwar waje ake yin ta. Ɗan Zurgu ya yi shiru yana tuna buhunan da ake ci bashi a saya don fita kunyar baƙi.

Teburin baya

Da azumin 2014 ya zo, wata rana ya iso ana dab da kiran magariba, rumfa ta cika ba wurin zama. Makcik ta yafito shi. "Zo nan, ɗana." Ta kai shi bayan kicin, inda iyalinta da yaran shago ke buɗa-baki a kan tabarma.

Babu tomyam a wurin. Da ya tambaya, sai ta ce ai tomyam ba abincin garinsu ba ne, na mutanen tsakiyar ƙasar ne, na bakin kogunan wajen Bankok. Don sana'a ta koya, har ma takan ƙara masa ja da ɗan zaƙi saboda haka masu saye a nan suke so. Abin da uwarta ta ciyar da ita shi ne wannan da ke kan tabarma: shinkafa, gasasshen kifi, ɗanyen ganye iri-iri, da wani ruwa mai duhu a ƙaramin kwano.

Ta buɗe kwalbar da ta zubo shi. Warin ya daki ɗan Zurgu har sai da ya kau da kai. Budu ke nan, ƙananan kifaye da ake jerawa da gishiri a tulu a rufe watanni har su narke. Yaran shago suka yi ta dariya. Makcik ko a jikinta. Ta ce ƙanwarta ce ke aiko mata daga gida, ranar da ya ƙare kuwa abinci ba ya mata daɗi. Ta miƙa masa kwalbar da hannu biyu, kamar mai nuna gwal.

Sai Pakcik ya jawo wani dami na dogayen kwasfa kore, ya fara ɓarewa yana fito da 'ya'ya masu wari. Ɗan Zurgu ya karɓi ɗaya ya juya ta a hannu. Ya san wannan siffa. Tun yana yaro yake jifar irinta a gonar Baba don ya sha garin.

"Makcik, mene ne sunan wannan?"

"Mu sato muke cewa. 'Yan nan ƙasar kuma petai."

A daren ya duba littattafansa. Sato sunanta na kimiyya Parkia speciosa. Ɗorawa kuma Parkia biglobosa. Gida ɗaya suka fito, kuma sunan gidan nasu an raɗa shi ne a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen nan na kogin Kwara da ake karantawa a firamare. Mutanen kudancin Tailan na soya tasu da jatan lande su kai wa babban baƙo suna alfahari. Shi kuwa ya jefa tasa a shara, ya ce bai san ta ba.

Ya roƙi ɗan Kibiya daddawa uku da kuka. Ranar wata Lahadi kafin a buɗe shago, Makcik ta ba shi murhu ɗaya ya tuƙa tuwo ya kaɗa miya. Gaskiya ba ta yabi yauƙin kukar ba, loma biyu ta yi ta ajiye. Pakcik ne ya cinye malmala guda ya nemi ƙari. Amma daddawar ta ɗauke ta, ta shinshina, ta gutsura ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane ɗan'uwansa a kasuwa.

"Mahaifiyarka ce ta yi?"

Da ya so, da ya ce e, magana ta wuce. Sai ya ce a'a, ta mahaifiyar abokinsa ce. Ta tasa uwar ya zubar. Ya ba ta labarin duka, har da turaren feshi.

Makcik ba ta yi masa faɗa ba. Ta goge hannu a zaninta, ta ce kwana nawa ake yi ana haɗa wannan abu? Ya ce kusan mako guda. Ta ce, "To ka kira ta. Yau, ba gobe ba."

Ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa ta ƙi ƙarewa, sannan ya faɗa. Layin ya yi shiru har ya zaci katin ne ya ƙare.

"Ai na sani," in ji Inna. "Gwangwani ɗaya ba ya wata bakwai a hannun mai ci. Ina jira ne ka faɗa da bakinka. In an sami mai tahowa zan aiko da wata."

Ta aiko kuwa, gwangwani biyu. Ɗaya nasa, ɗaya ta ce a kai wa "matar nan mai hankali."

Tuwo a gaban kyamara

Ya gama karatu ya dawo gida, kuma har yau mayen fim ne. Sai dai tun daga lokacin akwai abin da idonsa ke kamawa wanda da can ba ya gani. A yawancin finafinan Hausa, in ana so a nuna gidan Alhaji, sai a jera teburin cin abinci da soyayyiyar shinkafa da kaji da lemon kwali, jaruma na tsakura da cokali mai yatsu. Tuwo da miyar kuka ba sa fitowa sai in za a nuna talauci, ko ƙauyanci, ko za a ba da dariya. Alhali shi Alhajin na gaskiya, in dare ya yi, tuwon yake aikawa a kawo masa, har ya tambayi man shanu. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, in ji ɗan Zurgu, an riga an koya masa abin da zai ji kunya tun kafin ya hau jirgi. Shi shaida ne.

Mutanen Tailan kuwa ba su ɓoye nasu ba. A 2002 gwamnatinsu ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincin ƙasar a duniya. Bayan shekara uku masu fim ɗinsu suka ɗauki babban jaruminsu, suka zuba kuɗi, suka liƙa wa fim ɗin sunan miya, har yaran Rano suka haddace shi ba su san me suke faɗa ba. Ko durƙushewar tattalin arzikin Asiya ta 1997, wadda ta faro daga ƙasarsu, da sunan wannan miya suke kiran ta.

Ba cewa yake a daina nuna kaji a fim ba. Abin da yake tambaya shi ne, me zai hana darakta ya zaunar da jarumi da jaruma a kan tabarma, su sa hannu a kwano ɗaya na dambu ko fate, a haska shi da kyau yadda mai kallo zai haɗiyi yawu? Me zai hana a ga yadda ake daddawa, daga kalwa har shanya, a cikin labarin soyayya, ba a shirin koyar da girki ba? Kaset ɗin Hausa ya je Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan da Saudiyya tun zamanin Sangaya da Wasila, yanzu kuma waya ta kai fim inda kaset bai taɓa zuwa ba. Duk abin da aka ɗora a faranti a gaban kyamara, duniya na gani.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya tom yam kung a jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Ɗan Kibiya ne ya fara ganin labarin, ya turo masa ta waya da ɗan gajeren saƙo: "Mutumina, giwarka ta ci gasa."

Saƙon ya same shi a Zurgu, a tsakar gida, Inna na juye kalwa a kwando. Ya karanta mata, ya yi mata bayani. Ta ce to madalla, Allah ya sanya alheri. Sannan ta ce ya ajiye wayar nan ya ƙaro mata itace, wuta na neman mutuwa.